Sunan Maigida

"Saura tambaya ɗaya," in ji jami'in shige da fice a Kaduna. "Malama, ya sunan mijinki?"

Shekarar ƙarin albashin Udoji na je Sudan ziyarar kawuna, na auro ta. Yau muka baro Ƙanƙara neman takardar zamanta, don ɗoki har na sa an ɗaure ragon walima. In ta kasa amsawa, Sudan za a maida ita.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na zungure ta.

"Maigidan nan dai," ta ce a hankali.

Jami'in ya yi dariya, ya buga hatimi. "Masu auren ƙarya da sauri suke faɗa. Matar gaske ba ta kama sunan mijinta."