Gaiwa a Cikin Busasshiyar Laka

Kai da kake cewa abin da ya bushe ya gama, zauna ka ji. Akwai wata malamar kimiyya a wata sakandare, ajinta na gaske ba mai bango ba ne, wani kududdufi ne a bayan makarantar. Nan take kai ɗalibanta su ɗebi ruwa a kwalba, su ga talibambam yana fitar da ƙafafu, su gane abin da gansakuka take ciyarwa. Wata shekara rani ya yi tsanani, kududdufin ya ƙafe ƙaf, lakarsa ta tsattsage kamar kaushin ƙafa. Shugaban makaranta, mutum mai son ganin fili a share, ya ce a kawo motar ƙasa a cike ramin, tunda ba a karatu a kan gawa. Hankalin malamar ya tashi ƙwarai. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in gwada abu guda tukuna."

Ta sa ɗalibai suka bi busasshiyar lakar a sunkuye, suna neman ɗan rami kamar wanda aka soka da tsinke. Da suka samu, suka saro wurin da fartanya, suka ɗauko curi guda mai tauri kamar tubali, ta sa shi a baho ta tuttula ruwa. Shiru. Masu dariya suna yi a bayan littafi, ita kuwa ba ta da tabbas ko halittar da take zaton ta binne kanta a ciki tana da rai. Washegari da safe ta tarar curin ya narke, ga gaiwa tana juyi a hankali cikin ruwan, ta ɗago kai ta shaƙi iska. Kifi ne da ya yi watanni a binne, ba ci ba sha, yana numfashi ta wannan ɗan ramin, yana cin kitsen jikinsa yana jiran damina. A ajin babu abin da kake ji sai tasbihi. Ita kanta da ta sha koyar da wannan a allo, sai da ta tsaya tana kallo kamar yau ta fara sani. Shugaban ya zo ya daɗe a tsugune gaban bahon, ya miƙe ya aika a gaya wa mai mota kada ya zo. Shi ya sa Hausawa suke cewa, in da rai, da rabo.