Allon Malam Datti

An dakatar da manhajar gwajin ido a Ajingi ranar Talata, bayan sakamakonta ya saɓa wa na allon haruffa na takarda a kan mutum arba'in da ɗaya cikin sittin.

Batula, ma'aikaciyar jinyar da aka turo daga Gaya da wayar da manhajar take ciki, ita aka fara zargi. Aka ba ta kwana uku ta yi bayani ko ta bar aikin. Ta canja waya, ta sake auna tazarar da ake tsayar da mutum, sakamakon bai motsa ba.

Malam Datti, wanda ya shekara talatin yana gwaji da allon, ya ce, "'Yata, waya ta kira ce. Ido sai masu ido."

Ranar Alhamis ta zauna a kujerar marasa lafiya. "Baba, gwada ni."

Ya tsaya bayanta yadda ya saba. Ta karanta layin ƙasa tsaf.

"Kin yi kuskure huɗu," in ji shi.

Ta matsa jikin allon ta duba. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

"Baba, yaushe aka kawo allon nan?"

"Tun ba ki shiga firamare ba."

Watan jiya aka cire tsohon, aka rataya sabo mai wani jerin haruffa daban. Malam Datti bai lura ba. Ya daɗe ba ya ganin haruffan, da hadda yake yin maki.

Cikin waɗanda ya ce idonsu lafiya tun da aka canja allon akwai direbobi shida. Har yanzu ba a san ko su wane ne ba.