Mutumin da Ke Yashe Kwalbati

Tanimu, ɗan ƙanena, ka ce ka ji a rediyo cewa damunar bana za ta zo da ruwa mai yawa a yankinmu, amma kai sai ka ga hadari ya haɗu za ka duba magudanar gidanka. To bari in ba ka misali. Ni ban yi dogon karatu ba, abin da idona ya gani zan faɗa maka. A kan maigidana ne, Allah ya jiƙansa.

Unguwarmu rabi tudu ce rabi gangare. Duk ruwan da ya sauka a tudu, gangare yake bi, ya shige ta wani kwalbati da ke ƙarƙashin titi, ya faɗa rafi. Gidanmu a tudu yake, ko sama za ta tsage ruwa ba ya kwana mana a tsakar gida. A bakin kwalbatin kuwa gidan Sallau mahauci ne, ginin ƙasa, ɗaki uku da rumbu, da tsohuwar uwarsa da ba ta iya tafiya. In kwalbatin ya toshe, gidan nan ne zai fara sha. Maigidana gyaran keke yake yi. Amma kowace shekara, da zarar shamuwa ta sauka a kan kukar bayan masallaci, sai ya rufe rumfarsa kwana uku, ya ɗauki shebur da tsohon kwando ya gangara. Da rarrafe yake shiga ramin nan. Yakan fito da leda, da yashi, da tsummokara, da gwangwanaye, wata shekarar har da mushen kare. In ya dawo gida sai na ɗora masa ruwan wanka sau biyu, rigar kuwa a waje take kwana saboda wari. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa yi masa sannu. Sallau ma in ya gan shi yakan leƙo daga zaure yana dariya, ya ce, “Injiniya, gwamnati ta ɗauke ka aiki ne ba mu ji ba? Rana tana ƙona mutane, kai kana yi wa ruwa shimfiɗa!” Shi kuwa sai ya share gumi ya ce, “Sallau, ruwa baƙo ne. In ba ka nuna masa hanya ba, a ɗakinka zai sauka.” Ni kaina na sha yi masa mita, na ce mutumin da gidansa ke tudu me ya kai shi kwatar wasu. Shi kuwa sai dai ya ce in miƙo masa sabulu.

Ya rasu da rani, bayan ciwon kwana tara. Shamuwa ta zo a kan lokacinta, ta yi sheƙa, ba wanda ya gangara. Ba mugunta ba ce. Mutane sun ɗauka kwalbati abu ne da ke zama a buɗe da kansa, tunda shekara ashirin ba su taɓa ganin ya toshe ba. Ruwan farko da na biyu suka wuce lafiya, sai dai kowanne ya kwaso sharar unguwa ya ƙara cusa ta a ciki. Ran wata Talata cikin marka, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, har kaji suka shige akurki. Aka yi tsawa guda wadda ta sa awaki tsinke igiya, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin la’asar, ruwan tudu ya isa bakin titi, ya tarar da ƙofa a rufe, ya juyo. Maza suka fito a guje, wani da fartanya, wani da galma, wani da muciyar matarsa. Ruwa ya kai musu ƙirji, ja wur da laka, suna ta caka a ƙasa, ba wanda ya san ma daidai inda bakin ramin yake. Katangar Sallau ta jiƙa daga gindi ta zauna. Rumbu ya bi ta, geron shekara guda ya watse a kan ruwa. Da ƙyar ya goyo tsohuwarsa ya fito, yana sa ƙafa a waje ɗakinta ya rufta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma har magariba ba su buɗe ramin ba, sai da ruwan ya gaji ya tsallake titi don kansa.

Bayan kwana uku Sallau ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya durƙusa a zaure. Ya ce, “Yaya, na zo gaisuwa. Waccan da na yi miki ranar rasuwa ta baki ce, ban san wanda aka rasa ba. Shekara ashirin ina kwana a busasshen ɗaki, ina yi wa wanda ya busar min da shi dariya.” Na ce ya tashi, marigayin bai taɓa riƙe shi a zuci ba.

Mazan da suka shiga ruwa ran nan sun fi goma sha biyar, Tanimu, kuma ba rago a cikinsu. Sun kasa yin abin da mutum ɗaya ke gamawa da kwando a busasshiyar ƙasa. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.