Ambulan ɗin Sufeto

Goma saura kwata Sufeto ya ajiye ambulan a teburin Dakta, ya yi atishawa sau biyu, ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Daga rigar mamacin aka kakkaɓo," ya ce. "Yarana sun ce garin fure ne. Ki gaya mana na wace shuka ne, mu san daga inda wanda ya shaƙe shi ya fito."

Shekara goma sha tara Dakta tana wannan aiki a ɗakin gwaji. Ka ba ta ƙura ko kan cokali ce, ta sa a madubin bincike mai girmama ƙananan abubuwa, sai ta faɗa maka gonar da ka ratsa da watan da ka ratsa ta. 'Yan sanda sun saba kawo mata irin wannan, su tafi, su dawo bayan kwana uku. Wannan kuwa miƙe ƙafa ya yi.

Mamacin ta san shi. Makaniki ne, garejinsa na jikin shagon waldar Auta, ƙaninta da ta raina tun rasuwar mahaifiyarsu. Kowa a layin ya san ba sa ga maciji da juna. Ranar Talata aka tsinci gawar a bayan gareji. Ranar ce kuma Auta ya shigo gida da la'asar ko sallama babu, ya zarce famfo ya wanke rigarsa da hannunsa. Auta fa! Mutumin da ko cokalin da ya ci abinci da shi bai taɓa ɗaurayewa ba. Ba ta tambaye shi ba, don tsoron amsar take yi. Yau kwana huɗu ke nan.

Ta zazzage garin a kan ɗan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta kafa ido.

Gabanta ya yanke ya faɗi.

Ga su nan birjik, rawaya tas, babu ƙasa babu zare a cikinsu, kowace ƙwaya da 'yan ƙayoyi kewaye da ita. Ko daga barci aka tashe ta za ta shaida su. Furen nan mai yaɗo ne, wanda ita da kanta ta taho da irinsa daga wata tafiyar bincike, ta shuka a ƙofar gidanta. Duk faɗin garin ba mai shi sai ita. Kullum Auta zai tura babur ɗinsa waje sai kafaɗarsa ta goge shi, kullum sai ta yi masa faɗa.

Innalillahi. Zufa ta karyo mata, alhali fanka na ta juyi a kanta.

Sufeto ya tashi yana karanta takardar da ta manna a bango saboda ɗalibanta, jerin kalmomin Turanci masu kama da juna a rubuce, kowace da ma'anarta da asalinta.

"Kai, Turawa da wahalar da mutane," ya ce. "Duk waɗannan ba abu ɗaya ba ne?"

"A'a, ranka ya daɗe." Muryarta ta fito kamar ta aro. "Ta sama, pollen, ita ce garin fure. Asalinta Latin ne, lallausan gari take nufi. Ta ƙasanta, pollination, ita ce kai garin daga fure zuwa fure. Ta ukun, pollution, kama ce kawai, ba dangi ba ne, gurɓatawa take nufi."

"Kuma ba kya rikita su?"

"Ban taɓa ba."

"Haka aka ce min. An ce idonki ba ya kuskure."

Ya koma ya zauna, ya tura mata fom da biro.

Dakta ta dubi layin da za ta cike. Idan ta rubuta sunan furen, kafin azahar suna ƙofar gidanta, kafin magariba Auta na cikin ankwa. Ta tuno shi yana ɗan wata bakwai a bayanta, zazzaɓi ya sa yana cizon kafaɗarta. Wallahi ba ta san ko ya aikata ba, kuma ba ta son ta sani. Hannu dai ba ya ruɓewa a yanke a yar. Ta ɗauki biron.

Ta rubuta: garin furen ciyawa, irin wadda ake samu a kowane bakin titi. Ta sa hannu, ta buga hatimi. A duk tsawon aikinta, wannan ce ƙaryarta ta farko.

Sufeto ya karanta a tsanake, ya sake karantawa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli. Babu murna a fuskarsa, sai ma wani abu mai kama da tausayi.

"Kin tabbata, Dakta?"

"Na tabbata."

"Kash. Na so a ce kin faɗi sunan furen kina dariya, in koma in nemi wani." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Makanikin ba riga a jikinsa lokacin da aka tsince shi. Ni na tsaya a ƙofar gidanki da safen nan na karkaɗe furen a ambulan, don in ga ko akwai abin da kike ɓoyewa, kuma ba mu da komai a kan ƙaninki sai wannan takardar da kika sa wa hannu yanzu."