Takardar da Baba Ya Tsinta a Ƙofar Silima

Baba ba ya wuce takarda mai haruffan Larabci a ƙasa. Sai ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya cusa a tsagar bango, kada a taka sunan Allah.

Wata ranar kasuwar Tasawa, bayan la'asar, muka biyo ta ƙofar gidan silima, ina riƙe da gafakarsa. Iska ta yago gefen takardar talla ta yar a hanya. Har yau ina ganinta: ja da rawaya, tana warin kokon da aka liƙa ta da shi, ga rabin fuskar wata mace mai ɗigo a goshi, ga haruffa irin na ajaminmu a ƙasa.

Baba ya ɗauka da bisimilla, ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe. Sannan ya ɗora ta a goshi.

Samarin da ke zaune gindin bango suka kwashe da dariya. Ni ma na yi.

"Baba, ai tallar fim ɗin Indiya ce! Ba ka ga matar ba?"

"Akwai mace a jiki?" ya tambaya a hankali. Ya sauke takardar daga goshinsa. "Ashe idon har ya kai haka. Kada ka gaya wa innarka."

Shi ne fa ya koya mini ajami. Ya miƙo hannu ya ce, "Riƙe ni mu tafi gida."

Silimar ta zama kango tuni. Dariyar samarin na manta. Tawa nake neman gafara a kanta duk sallah.