Takardar da Auta ta Huda

Auta ba ta iya gama layi ɗaya na rubutu. Ta rubuta harafi, ta ƙura masa ido, ta goge. Ta sake, ta goge, har takardar ta huje. Shekarunta goma sha ɗaya, tana ajin ƙarshe na firamare.

Mahaifinta tela ne, kuma da farko abin har burge shi yake yi. Shi ma mutum ne da zai warware hannun riga sau uku don zare ɗaya ya kauce. In ya gan ta duƙe a gefen teburin yankansa tana fama da magogi, sai ya ce wa masu kawo ɗinki, "Kun ga magajiyata nan, ba ta san aikin ha'inci ba."

Ran da mamarta ta ƙwace magogin ne gaskiya ta fito. Yarinya ta fashe da kuka.

"Mama, in na bar harafin a karkace wani abu zai sami Baba. Na san ba gaskiya ba ne, amma zuciyata ta ƙi ƙyale ni."

Malamar ajinsu ce ta matsa aka je asibiti, daga can aka tura su wajen ƙwararriyar likitar ƙwaƙwalwar yara. Likita ta saurari Auta a tsanake, sannan ta juyo kan iyayen.

"Wannan ba son tsari ba ne, ba kuma taurin kai ba. Ciwon waswasi ne. Mummunan tunani ke maƙale wa yaro, ya yi ta maimaita abu ɗaya don ya samu sa'ida. Kuma yana da magani."

Ta rubuta ƙwaya ɗaya kowace safiya, ta sa musu ranakun zaman horo, inda za a koya wa Auta jure waswasin. "Sai an yi makonni kafin ya fara aiki. Kuma ko kun ga ta warke garau, kada a tsayar sai da sanina."

Tela ya ce to. Irin "to" ɗin da yake ce wa mai kaya in ya ce a gama masa gobe.

Wata uku, sai ga Auta tana cika shafi ba huji, har da rera waƙa. Nan fa Tela ya yi nasa tunanin. A sana'arsa, allurai ake sokawa su riƙe yadi, da ɗinki ya hau sai a zare su.

"Baban Auta, likita fa ta ce..." in ji matarsa.

"Likita ta san asibiti, ni na san 'yata. Ɗinki ya kama, allura ta mece ce kuma? Yarinya ƙarama a ce kullum ƙwaya? Haba!"

Ya jefa kwalbar cikin aljihun keken ɗinki, wajen maɓallai. Zaman horon ma aka daina zuwa, wai aiki ya yi yawa a shago.

Ciwon ya dawo a hankali. Auta ta ɓoye, don ba ta son ɓata wa Baba rai. Ba wanda ya lura magogi biyu ta cinye a mako guda.

Bayan jarrabawar fita, Malama da kanta ta zo shago, ta shimfiɗa takardar amsa a kan teburin yanka. Babu amsa ko ɗaya. A saman shafi, inda ake rubuta suna, rami ne kawai. Awa biyu yarinyar nan ta yi tana gyara sunanta.

"Ta san kowace tambaya," in ji Malama. "Amma sai ta maimaita aji. Ƙawayenta sun wuce."

Auta ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Wallahi da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Babban mutum ya kifa kai a kan keke yana kuka.

Washegari suka koma wajen likita, Tela ya faɗi komai, har da zancen allurai. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Ba kai ne na farko ba. Amma in ce ko wanda ya yi ɗinkin ne ya san lokacin zare allura? To wannan ɗinkin nawa ne."

Aka sake fara maganin daga ƙasa, aka koma horo. Aikin gida ɗaya aka ba Auta: ta rubuta harafi a karkace da gangan, ga magogi a gabanta, ta ƙi taɓawa har tsoron ya lafa. Ranar farko ta yi gumi sharkaf, ta dubi mahaifinta.

"Baba, kai ma ka yi mana."

Ya ɗauko ƙyalle, ya taka keke, ya karkata layin ɗinki. Hannunsa sai ƙaiƙayi yake, ya kai shi ga almakashi.

"A'a, Baba! Bar shi!"

Suka zauna suna kallon aikinsu, har dariya ta ƙwace musu. Ba abin da ya sami kowa.

Da shekara ta zagayo Auta ta ci jarrabawa. A shafi na biyu akwai kalmar da ta kuskure, ta ja mata layi ɗaya, ta wuce abinta. Wannan shafin Tela ya roƙa a wajen Malama, ya manna a bango saman kekensa. Ita kuwa ƙwaya, shi ke miƙa mata kowace safiya, har ranar da likita ta fara ragewa da kanta.

Jama'a, ciwon waswasi a yara gaskiya ne, kuma yana jin magani. Ku kai yaro wajen ƙwararre da wuri, in kuma sauƙi ya samu kada ku tsayar da magani da kanku. Likitan da ya ce a fara, shi zai ce a daina.