Jan Ɓawo a Wuyan Karamo

Gangunan bikin dodon Kankuran na tashi a garin Janjanbure lokacin da Karamo ya tare Nyima a bakin kogi. Da safiyar ranar, garin nema wa baƙin da take zagayawa da su gajeriyar hanya, ta faɗa kurmin dodon da maza kaɗai ke shiga, ta same shi ya tuɓe kan dodon yana shan ruwa. Mace ba ta ganin wannan.

"Dattawa sun ga sawun mace," ya ce a hankali.

"Me ka ce musu?"

"Na ce ban ga kowa ba."

"Karamo, in suka gano, kai da kurmin nan har abada. Gadon gidanku ne fa!"

"Na sani." Ya sunkuyar da kai, shi da ke kaɗa adda biyu cikin rigar dodo gari ya watse. "Gara in rasa kurmin da in rasa ki. Gobe kawuna zai kai goron neman aurenki gidanku. Kin amince?"

Ta hango dattawa biyu suna gangarowa. Ga guntun jan ɓawon itace na rigar dodon maƙale a wuyansa. Ta fizge shi, ta dunƙule a tafinta.

"Ka ce masa ya zo da wuri," ta ce.